Tambaya ta Bakwai

Port Vila, 9 ga Yuni

Yaya Kaltong,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da sanyin Ostareliya da aikin tsinkar lemo. Ni lafiya ƙalau.

Albishirinka: ofishinmu zai raba tankunan ruwa guda ashirin a tsibirinmu na Nguna kafin rani ya tsananta, kuma ni aka ba rubuta takardar tambayoyin da za a gane ƙauyukan da suka fi buƙata. Da ka ga Turancin da na zuba! Abokiyar aikina Jenita ta ce ya yi nauyi, ita a ƙauyukan da aka ba ta, tambaya za ta yi da baki kawai: jiya daga ina kuka ɗebo ruwa, tafiyar minti nawa ce? Na ce mata ba hirar kasuwa muka zo yi ba. Mama ta kusa hutawa da hawan tudun nan da jarka.

Ƙanwarka,
Leimara

Port Vila, 21 ga Oktoba

Yaya Kaltong,

Ina gaishe ka, ina fatan tarin nan ya sake ka. Ka yi ta tambayar tankin ina kewaye-kewaye. Yau zan faɗa maka.

Ƙauyenmu bai samu ko ɗaya ba. Duk sun tafi ƙauyukan Jenita.

Ga tambayata ta bakwai: "Shin iyalinku na da ɗorewar damar samun wadataccen ruwa daga ingantacciyar madogara?" Gida talatin da ɗaya, kowa ya ce e. Ofis ya duba ya ga mutanen da ba su da matsala, ya wuce.

Ranar Asabar na hau jirgin ruwa na tafi gida a fusace, niyyata in yi faɗa. Kawu Sailas ya ce shi ya karanta wa jama'a takardar a bakin coci, sau biyu, ba wanda ya gane, har shi. Amma ka san mutanenmu, ba a cewa ba a gane maganar 'yar gida ba a gaban baƙi, balle a ce mata a'a. Sai suka yanke shawarar kowa ya ce e, kada in ji kunya a ofis. Yana ba ni labari yana dariya, wai na yi karatu har na fi ƙarfin kunnensu. Ni ban iya dariyar ba.

Rijiyar bakin teku ta koma gishiri tun Satumba. Na tarar da Mama ta dawo daga tudu, tana shafa wa gwiwoyinta man kwakwa, sun kumbura kamar gwanda. Ta dafa mini laplap, alalen doyan nan mai madarar kwakwa, ta ba ni ruwan wanka bokiti guda cur, daga wanda ta ɗauko. Na tambaye ta me ya sa ita ma ta ce e.

Ta ce, "Takardarki ce, Lei. Ta yi kyau. Ban san me take tambaya ba, amma na san ba za ki tambaye ni abin da zai cuce ni ba."

Yaya, na ɗebi ruwan tudun nan shekara goma sha biyu. Na san amsar. Don manyan ofis na rubuta tambayar, su ga na iya.

Na roƙi ofis a sake zagayen tambayoyin, an ce sai baɗi. Zan riƙa zuwa duk Asabar in ɗebo mata. Kada ka yi mata maganar idan kun yi waya. Har yanzu takardar tana cikin Baibul ɗinta, tana nuna wa baƙi.

Ka yafe mini. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Leimara