Cokalin Arwa

Litinin, 16 ga Oktoba
Masu hasashen yanayi sun ce bana garin nan namu, Lackawanna, zai sha dusar ƙanƙara, wai babban tafkin da ke gefenmu bai huce ba, ɗuminsa kuwa ke jawo ta. Tun yanzu! Ganye ma bai gama zuba ba. 'Yata Arwa har da tsalle. Ta kira ƙanwata Wafa: "Inna, bana za a rufe makaranta ya fi sau goma!" Ko kallona ba ta yi ba.

Wafa malama ce, in an rufe makaranta ita ma ta huta. Ni gidan kula da tsofaffi inda nake aiki ba a rufe shi. Duk ranar dusa gidan Wafa zan kai yarinyar in wuce aiki.

Laraba, 29 ga Nuwamba
Na je tashin Arwa da safe, na tarar ta sa rigar barci a bai-bai, ga cokali ƙarƙashin filo. Wai haka yaran ajinsu ke yi don dusa ta sauko a rufe makaranta. Wa ya yarje miki? Inna Wafa. Na ce camfi ne, Mai saukar da ita ba Ya neman taimakon cokalina. Na mayar da shi kicin.

Alhamis, 30 ga Nuwamba
Ko ɗigo. Ta tafi makaranta tana kumburi: "Mama, ke kika jawo." Na ji daɗi. Astagfirullah.

Lahadi, 10 ga Disamba
Ranar Juma'a dusa ta sauko, an rufe makaranta. Na dawo ƙafafuna a kumbure, na same su sun yi asida, tuwon fulawar nan, da zuma, sun yi zamiya a kan tudu da murfin bola. Arwa tana ba ni labari, suka haɗa ido suka tuntsire da dariya. "Ba za ki gane ba, Yaya," in ji Wafa, "sai wanda yake wurin."

Ni da na yi naƙudarta. Ni ce ta wanke safa, a yi tilawa, a goge haƙori. Dariya kuwa ta Wafa ce. Na san Allah bai ba ta haihuwa ba, na sani. Duk da haka yau a sujada na tsinci bakina yana roƙon kada dusa ta ƙara sauka. Ko ya halatta? Kunyar tambayar Malamarmu ta Islamiyya nake ji.

Laraba, 17 ga Janairu
An hana mota fita. Kwana biyu ke nan ina wurin aiki, a kujera nake barci. Daga taga ba a ganin komai sai fari. Su suna can suna shagali.

Juma'a, 19 ga Janairu
Ashe ba shagali ba ne. Jiya da la'asar Wafa ta kira, muryarta a dishe. Arwa ta ƙi abinci tun shekaranjiya. A gidan Wafa ta sa cokalin a ɓoye, har guda uku, yanzu ta ce ita ta jawo dusar da ta rufe ni.

"Yaya, na gaya mata abin da kike faɗa, na rantse, na karanta mata Ƙulhuwallahu. Ta ce sai daga bakinki. Ni ai 'yar aro ce."

Ta ba ta wayar. Na ce, "Ke, har kin isa? Da cokalin shayi?" Ta yi dariya cikin majina. Na ji Wafa daga nesa tana cewa, "To gimbiya, a ci tuwo ko sai an kira gwamna?"

Suka kashe wayar. 'Yar aro. Ban taɓa jin ta faɗi haka ba.

Talata, 13 ga Fabrairu
An sake rufewa. Na tashi da wuri na soya musu sambusa, don dai kada naman ya lalace. A bakin ƙofar Wafa na fara, "Ki ɗaure mata gyale sosai, kunnenta na hagu..."

"Na sani, Yaya."

Ta sani ɗin. Na ce su ɗauko min hoto a kan tudun.