Layin Da Ya Ƙi Miƙewa

Zuwa ga matata, Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ki. Yaya jikin 'yarmu? Yaya kuma baƙon da ya zo duniya ya ƙwace mini mata? Ki faɗa masa kakansa na nan, za mu haɗu. Ki gaishe mini da surukinmu.

Direban da ke bi ta wajenku zai kawo miki maganin ƙafarki da kika manta, shi ne na ce bari in haɗa da 'yar takarda. Kin san ni da waya, da na ji muryarki duk abin da na shirya faɗa sai ya gudu. Ni lafiya lau nake, sai dai tukunya ta gane ba ke ba ce, ta ƙi ba ni haɗin kai.

Na samu aiki a gidan wata malamar makaranta da ta yi ritaya. Mijinta ɓarin jikinsa ya shanye, a keke ake tura shi, magana ma da ƙyar take fita. Kyaftin ake ce masa, wai jirgin ruwa ya tuƙa a zamaninsa. 'Ya'yansu ne suka sayo masa majigi ya riƙa kallon ƙwallo a falo, tunda fita ta gagara. Nawa shi ne in rataye shi a silin, in saita shi ya fuskanci allon bango.

Aikin da na saba ne. Na kafa allon, na nemo tsakiyarsa, na ja zare, na ɗaure ƙarfen ratayar yadda idon majigin zai kalli allon kai tsaye, ba ya leƙen hagu, ba ya leƙen dama. Na ɗora ma'aunina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, ƙwayar ta tsaya cak a tsakiya. Sai na kunna zanen gwaji, wato fararen layuka masu ratsa juna kamar raga, da su muke gane ko hoto ya zauna. Na kanne idon hagu kamar kullum, na duba. Gefuna duk sun hau bakin allo. Amma a tsakiya layukan sun lanƙwashe, kamar igiyar shanya da aka ɗora wa jiƙaƙƙen bargo.

Na sassauta noti, na ɗaure. Na shafa allon ko ya kumbura, sumul yake. Na ce to, gilashin majigin ne ya zo da aibi. Na kwance shi na mayar wa mai shago. Ya haska a bangonsa, ga lanƙwasa ƙiri-ƙiri, ya ce shi bai ga komai ba. Dama mai kaya ba ya ganin aibin kayansa. Na ɗan ɗaga masa murya, ya canza mini wani don a zauna lafiya. Gobe zan koma in ƙarasa.

Ki riƙa hutawa, kada ki maida kanki injin wanki. Allah ya raya yaro.

Mijinki,
Mai Tsani

*

Maman yara,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, mai jego na samun barci. Direba ya kawo mini saƙonki, na gode. Wannan takardar ki karanta ke kaɗai, kada a gaban 'yarmu.

Na koma gidan Kyaftin da sabon majigin. Na rataye, na kunna zanen, lanƙwasar tana nan inda na bar ta. Majigi biyu dai ba sa haɗa baki su yi wa mutum ƙarya. Na ɗauko tef na auna daga idon majigin zuwa kusurwar allo ta hagu, na auna zuwa ta dama, ba wadda ta fi wata. Faɗin hoton sama da ƙasa ɗaya. Awo ya ce aiki ya yi, idona ya ce bai yi ba. Na yi ta hawa da sauka har rigata ta jiƙe. Malama ta kawo mini ruwa, ta tsaya ta duba, ta ce ita dai a miƙe take ganin layukan, amma ni ne masani. Na ji haushinta a raina, Allah ya yafe mini.

Duk wannan abin Kyaftin na gefe cikin kekensa yana kallona. Can sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna fuskarsa. Da ƙyar ya ce, "Canza ido."

Ina saman tsani. Na buɗe na hagu, na rufe na dama. Maman yara, layukan nan suka miƙe samɓal kamar da rula aka ja su. Na koma na dama, suka karye. Na ɗaga dubana zuwa saman allon, lanƙwasar ta bi ni. Na kalli katakon ƙofar falon, shi ma ya tanƙware. Na juya ga Malama, na ga hancinta da bakinta sun jirkice, ga wani tabo toka-toka a tsakiyar fuskarta kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi.

Tun ina saurayi nake hawan tsani, ban taɓa jin tsoronsa ba. Ranar kuwa na ji. Na rungume shi da hannu biyu. Malama ce ta riƙe mini shi, tana ce mini in sauko a hankali, kamar tana lallashin ɗalibinta. Ban san yadda na kai ƙasa ba. Na tsinci kaina zaune a ƙasa, sukundireba a hannuna.

Kyaftin ya sa ta turo shi kusa da ni. Ya daɗe yana haɗa maganar. Ya ce kafin ciwonsa ya kayar da shi, wata safiya cokali ya suɓuce daga hannunsa, yatsun suka ƙi kamawa na ɗan lokaci. Ya ce gajiya ce, ya fita harkarsa. Sannan ya ce, "Ciwo yana sallama. Ni ban amsa ba. Kai ka amsa."

Na taho gida a kan babur kamar mai ɗauke da ƙwai. Tun daga lokacin ba ni da aiki sai gwada ido. Bakin tebur, sandar labule, wayoyin lantarki na kan titi, duk abin da ya miƙe sai na tsaya a gabansa. Ba na dama nake dubawa ba, shi na riga na sani. Na hagun nake wa gadi. Ko ƙura ce ta gilma sai zuciyata ta tsinke. Ina ta tuna marigayi Baba a ƙarshen rayuwarsa, yadda yake lalube bango da tafin hannu, yana gane mu da ƙarar takalmi. Shi aƙalla 'ya'yansa sun kawo ƙarfi a lokacin. Ni ga Auta a makaranta, ga sana'ar da duk jarinta ido ne. Wa zai ba makaho majigi ya saita masa?

Malama ta yi mini kwatancen asibitin ido, ta ce in ban je ba kada in sake taka mata gida. Zan je. Ki yi mini addu'a, ki kuma saki fuska a gabansu.

Naki,
Mai Tsani

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da duk mutanen gidan. Kada ki damu da girman rubutun nan, da ido ɗaya nake yi, ɗayan an ɗiga masa magani har yanzu haske na sukar sa.

Na je asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarmu ba, amma hannunta a natse yake. Ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta ɗauki hoton cikin idon, ta juyo mini da shi. Ta ce can bayan ido akwai wani ɗan wuri da muke ganin tsakiyar abu da shi, to jijiyoyi ne suke yoyon ruwa a ƙarƙashinsa, ya kumbura, shi ya sa layi ke karyewa. Na fahimta sarai. Allo ne ya kumbura, amma na cikin kaina, ni kuwa ina can ina shafa na Kyaftin.

Na tambaye ta ko zan makance. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce na zo da wuri, wannan shi ne sa'ata, don in wurin ya yi tabo ba ya gyaruwa. Ta ce maganinsa allura ce. Na miƙa mata hannu. Ta ce ba nan ba, a cikin idon.

Maman yara, kin san ni, na taɓa ɗinke yatsana ba tare da an kashe zafi ba. Amma wannan maganar ta tsorata ni. A ce idona a buɗe, ina kallo, allura na tahowa. Ta kuma ce ba sau ɗaya ba ne, za a yi ta maimaitawa, kuma ciwon yakan tsallaka ɗaya idon. Na fito na zauna a kan bencin harabar asibitin, na daɗe ban iya tashi ba.

Daga nan gidan Kyaftin na wuce, don zaman kaɗaici zai haukata ni. Malama ta so hana ni hawa, na ce ta riƙe tsanin kawai. Muka ajiye Kyaftin a tsakiyar falo ya zama alƙali. Ina juya noti yana nuni da yatsa, hagu kaɗan, ƙasa kaɗan, har ya dunƙule hannu alamar a tsaya. Na tabbatar da awo, na ɗaure. Aka kunna masa ƙwallo, filin ya cika bango, mutumin nan ya yi wata dariya da rabin bakinsa. Ni kuwa ban kalla ba, tsoron layukan filin nake.

Ranar Laraba za a yi allurar. An ce in zo da wanda zai riƙe ni zuwa gida, ba hawa babur. Na san na ce ki ɓoye wa 'yarmu, yanzu na janye. Ki faɗa mata, ki ba ta haƙuri. Akwai masu raka ni, ƙanina ma ya ce zai zo. Amma ke nake so. Ban taɓa kiran ki daga inda ake buƙatarki ba. Ki zo.

Mijinki,
Mai Tsani

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum, Uwata. Yaya ƙarfin jiki, yaya ɗan rigima? Ina gaishe da maigidanki, ina kuma yi masa godiya da ya sako Mamanki a mota da kansa. Ki yafe mini ɗauke miki ita a lokacin da kika fi buƙatarta.

Ta ce kin yi kuka, shi ya sa na ce in faɗa miki komai da hannuna. An yi allurar. An kwantar da ni, an sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe, likitar ta ce in kalli kusurwar silin kada in motsa. Duk addu'ar da na sani ta ɓace mini sai Bismillahi. Na ji an danna, na ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi na yawo, sai ta ce an gama. Tsoron ya fi zafin nesa ba kusa ba. Mamanki ta ce na fito ina tafiya kamar sabon ɗan maraƙi.

An sake dubawa, ruwan ya ragu. Lanƙwasar ba ta tafi duka ba, likitar ta ce wataƙila ba za ta tafi ba. Za a ci gaba da allura. An ba ni izinin aiki, amma Mamanki ta ɓoye makullin babur.

Sun ba ni wata takarda mai zanen raga da ɗigo a tsakiya, in liƙa a bango, kullum da safe in rufe ido ɗaya in duba da ɗayan. In layi ya motsa a idon hagu, in garzayo asibiti ko wanka ban yi ba. Mamanki ta liƙa ta kusa da ƙofar ɗaki ina barci. Da gari ya waye na tsaya a gabanta, na rufe na dama. Uwata, sai na ga ragar gaba ɗaya ta kwanta gefe guda. Da idon hagu, mai lafiyar. Na dafa bango, na ce shi ke nan, ya tsallako.

Ban san abin da ya kai ni jakar aiki ba. Na ɗauko ma'auni, na ɗora a saman takardar. Ƙwayar iskar ta gudu can ƙarshe ta maƙale. Takardar ce a karkace. Mamanki ce ta liƙa ta da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ludayi.

Ta shigo ta tarar da ni zaune a ƙasa, ina dariya hawaye na zuba. Ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, ban taɓa ganin mummunan aikin da ya faranta mini rai kamar nata ba. Ta ce to in tashi in gyara, tunda ni ne masani. Na tashi na gyara.

Ki kula da kanki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki