Ƙarfen da Aka Samu a Adakar Sahabi

Nahuce, Bunguɗu.

Zuwa ga ɗana Zaharaddeen a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Muzdalifa da yara. Allah Ya ƙara maku lafiya, Ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan sai godiya, gero ya yi kyau, gwiwa ce kawai ke damuna. Mansura matar ɗana Lawali ke rubuta mini, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Batun ƙarfen nan ne da ƙanwarka Kulu ta samu a adakar mahaifinku, ƙanena Sahabi, Allah Ya jiƙan shi. An nuna mini hotonsa a waya, na ce ni ban san ƙarfe da ido ba, a kawo mini a hannu. Sai da Lawali ya je Damba wurin Kulu ya karɓo shi. An ce kai da masu aikin injinku kun duba hoton, kun ce na gyaran keken ɗinki ne. Wani a Tsafe kuma ya ce na cire haƙori ne. Duk ba ku faɗa daidai ba.

Ina shafa shi na ji tsaga uku a gindinsa, shaidar babanmu ke nan. Shi ya ƙera shi da kansa, yana kiransa ɗan riƙo. Idan maharba suka kawo bindigar ƙyastu gyara, da shi yake danne ƙarfen da ke harba kunamar bindigar, don kada ya fizge ya tsaga hannu. Tabon da ke babban yatsan mahaifinku, wanda yake ce maku jaki ne ya cije shi, ranar da ya yi gaggawa ya ƙi ɗauko ɗan riƙo ya same shi. Ina wurin, ni na ɗaure masa.

To, tun da Kulu ta ji kalmar bindiga ta ce sai an jefa shi rijiya, wai a wannan zamani ƙarfe irin wannan yana iya ja wa mijinta tambaya. Ban ga laifinta ba. Lawali ya ce in ce na gyaran kwaɗon ƙofa ne kowa ya huta. Na ce ban yi wa ubana ƙarya yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Ranar Litinin na ɗauka da kaina na kai wa mai gari, na faɗa masa abin da yake, gaban mutane. Ya juya shi ya yi dariya, ya ce rabonsa da ganin irin bindigar tun yana goyo, in tafi da abina.

Duk da haka Kulu ta ce gadonku ne, kai ne babba, abin da ka ce shi za a yi. Ka kira ta. Bayana babu wanda ya san sunan ƙarfen nan, shi ya sa na sa Mansura ta rubuta a takarda muka ɗaura masa. Idan kuma ka ce rijiya, to yana ƙarƙashin matashina. Ka zo da kanka ka ɗaga kaina ka ɗauka.

Ka gai da Muzdalifa da Yazid da Nana Khadija. Innarku Murja tana gaishe ku.

Ni ne babanka,
Abdullahi Maƙeri