An Rufe wa Motar Baba Baki Za a Sayar wa Malamina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ya gida, ya haƙuri da yanayi. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni budurwa ce a Batsari, na gama kwalejin horon malamai, yanzu ina koyarwa a wata Islamiyya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana akori-kura guda mai shan gas, da ita ya yi ta jigilar gero da dawa da gyaɗa daga ƙauyukan Safana zuwa kasuwa har ya raine mu. Tun ina ƙarama na san muryar motar nan, wani gurnani ne mai natsuwa kamar na tattabara, tana shawo kwanar layinmu nake shimfiɗa wa Baba tabarma. Bai taɓa ba ta komai ba sai gas mai kyau da juyen baƙin mai a kan kari.

Da ya rasu makulli ya koma hannun yayana, ya kuma zo daidai da lokacin da gas ya yi tsadar da kowa ya sani. A tasha Yaya ya haɗu da wani mai tallar 'yan kwalabe, wai in ka tsiyaya ɗaya a tanki sai gas ya yi auki, inji ya wanku daga ciki. Mutumin da ko umarnin da ke jikin kwalbar ba ya tsayawa ya karanta, shi ne ya dawo gida yana yi mana lacca kan sinadarai, abokansa na ta zuga shi da Injiniya, shi kuma yana wani gyara hula. Na karanta masa rubutun, na ce ai an faɗi adadin da ake zubawa, kuma ba a ce yana maye gurbin juyen mai ba. Ya ce Malama a bar mu da mota, ke ki je ki ji da baƙi da wasali. Daga nan ya daina juye gaba ɗaya, in baƙin mai ya yi ƙasa sai ya ƙara wani a kan tsohon, ya bi shi da kwalba, wai tattali yake yi.

Kafin damina ta fita muryar motar ta canja. Ta koma tari, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi, ga wani ƙwanƙwasa daga cikin inji kamar ana buga ƙofar gidan da babu kowa. Bakaniken Baba ya duba ya ce sai an sauke inji, in ba haka ba zai buga, kuma ba zai yi sallama ba ranar da zai buga ɗin. Yaya ya ce tsohon neman na cefane yake.

To ga inda matsalata take. Malamin da ya koya mini karatu tun daga alifun, aminin Baba ne, yanzu ya koma garinsu wajen Babban Duhu, ya aiko cewa in za a sayar da motar shi yana so. Zai riƙa fito da amfanin gona da ita, in kuma naƙuda ta zo wa wata da gardama ko wani ya kwanta rai a hannun Allah a kai shi asibitin Safana. Yaya na jin haka ya sayo wani gwangwani daban, abin ciki mai kauri kamar zuma, ya zuba wa baƙin mai har gwangwani biyu. Ina tsaye ina shanya na ga ikon Allah, ƙwanƙwasan ya lafa, hayaƙin ya ragu, mota ta yi luf kamar majinyacin da aka shafa wa hoda za a ɗauke shi hoto. Ya wanke ta tas, ya goge tayoyi, ya juyo yana dariya ya ce mini kin ga aikin ilimi, kafin ta dawo da tarinta ta zama ta wani. Ban taɓa jin na raina mutum kamar a wannan lokacin ba, kuma ciki ɗaya muka fito.

Na same shi na ce Yaya ka san hanyar nan, ka san abin da mutuwar mota a tsakiyar dajin nan ke nufi a shekarun nan. Ya ce kowa da ƙaddararsa, haka ake cinikin mota ko'ina, ai ba shi ya hana Malam zuwa da bakanike ba. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce kar in tona wa ɗan'uwana asiri, in leƙa rumbu in ga yadda hatsi ya yi ƙasa, kuma in tuna kayan ɗakina a cikin kuɗin motar nan za su fito. Bikina bayan girbi ne. Yaya ma har ya samu abin tsokana, in na gifta sai ya ce amarya a dai yi shiru a hau gado mai madubi.

Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne saƙon da Malam ya aiko wa Inna. Ya ce ranar kasuwa zai shigo, kuma ba zai wahalar da kansa da bakanike a gidan amininsa ba, a dai kira masa ɗiyarsa, wato ni, in na ce motar lafiya take to ciniki ya faɗa.

Na yi tunanin in tsiri tafiya gidan gwaggona a ranar, amma na san shirun nawa ma amsa ce, da ita Yaya zai yi amfani. In na faɗi gaskiya na kunyata gidanmu a gaban aminin Baba, na ɓata da Inna, wataƙila a ɗaga bikina. In na ce lafiya, duk ranar da na ji motar ta tsaya a daji da mai naƙuda a bayanta ban san inda zan sa kaina ba. Masu cewa in yi addu'a, ina yi, na gode. Amma kasuwa ta kusa ci, Malam zai zauna a zaurenmu ya dube ni ya ce ɗiyata, ya motar take. 'Yan'uwa me zan ce masa?