Randar Ƙofar Gida da Moɗar da Ba a Ɗaurewa

Zuwa ga mai martaba uwargidana, Hajiya Inna, mahaifiyar mahaifina, wadda ta yi tafiya ta bar miji matashi ba tare da neman izininsa ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma, irin wadda ta dace da kakar da ta shekara da shekaru tana kiran jikanta "mai gidana" amma ba ta taɓa durƙusa masa ba, ina mai gabatar miki da rahoton halin da masarautarki take ciki tun ranar da kika amsa kiran Ubangijinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Sai dai tun da babu wanda ya rage a gidan da zai ce mini "rufe mana baki, sarkin surutu", ba ni da mafita illa alƙalami.

Ina baƙin cikin sanar da ke cewa gida ya watse. Da mutanen daji suka matsa wa ƙauyukan da ke kewaye da mu, Baba ya kwashe Umma da ƙannena zuwa Ƙanƙara, Goggo Hanne ta bi mijinta Sabuwa. Ni aka bari tare da Baffa Isa mu ƙarasa girbin dawa, shi kuwa Baffa a Daudawa yake kwana, sai hantsi ya ɗaga yake isowa. Ciyayyar ƙofar gida, inda kwanoni kan jeru bayan magariba har a rasa wurin miƙe ƙafa, a kwanakin nan na girbi ni kaɗai nake halarta. Ni ne shugaban taro, ni ne mai bismilla, ni ne kuma mai suɗe kwano. Tuwon da nake tuƙawa da hannuna kuwa, na taɓa gabatar da shi ga akuyar maƙwabta, ta ƙi shi cikin ladabi.

Amma ba don tuwo na ɗauki alƙalami ba. Maganar randarki ce.

Kin san inda kika girke ta, gindin bedi, darbejiyar nan ta ƙofar gida, bakin hanyar da ke shiga kasuwar 'Yankara. Na tashi na same ta a can kamar yadda na samu sunana. Duk jajiberin kasuwa sai ki wanke ta, ki kifa ta a kan hayaƙin kajiji, ki jefa mata saiwar jema, sannan ki naɗa ni babban jami'in ɗebo ruwa, albashina ƙuli-ƙuli da baƙar magana. Kafin rana ta take, masu jakuna da masu babura, Fulani masu nono da dillalan hatsi, duk sun sha sun wuce, wasu da godiya, wasu ko kallon gidan ba sa yi. Ke kuwa kina ciki kina jan carbi, ba ki taɓa leƙowa ki ga wa ya sha ba. Kikan ce mai ƙishi ba a tambayarsa sunan ubansa.

Moɗar kuma ba ki taɓa yarda a ɗaure ta ba. Ta masallaci tana da igiya, ta bakin tasha tana da sarƙa, taki tana zaune a kan murfi kamar 'yar sarauta. Na sha kawo miki ƙorafi a hukumance cewa ana sace mana kayan aiki. Sai ki ce ɗaure moɗa zagi ne ga mai ƙishi, wanda ya tafi da ita kuma wataƙila yana da mara lafiya a gaba. Daga nan ki fafe wani duman ki ɗora.

Bayan rasuwarki na ci gaba da cika ta, ba don tsananin taƙawa ba, ina ganin don tsoron kada ki fito mini a mafarki da muciya. Haka muke har aka kore shanun Malam Audu, dattijon nan na bayan masallaci da kike kira abokin faɗanki. Garken da ya tara tun yana saurayi, rana tsaka aka tafi da shi.

Ranar nan bayan la'asar maza suka ƙi tashi daga masallaci. Aka ce masu leƙen asirin ɓarayi suna sajewa da 'yan kasuwa, kuma a gindin bedinmu suke tsayawa su sha ruwa suna ƙidaya dabbobin mutane da ido. Baffa ya ce shi ba zai bari a riƙa nuna gidan ubansa da yatsa ba, a kife randar. Liman ya yi gyaran murya, ya tuna mana hadisin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa. Malam Audu bai ko ɗago kai ba ya ce:

"Allah gafarta Malam, shi karen bai kore mishi shanu ba."

Hajiya, na shiga majalisar nan da jawabi a aljihu, mai hujjoji da balaga, wanda na tabbata zai girgiza ginshiƙan masallaci. Da na dubi tsohon nan yana murza igiyar ɗaure saniya da ba ta da sauran amfani, sai duk manyan kalmomina suka yi hijira. Na dawo gida na kife randarki da hannuna. Ban taɓa sanin tukunyar ƙasa tana da nauyi haka ba sai da ta zama babu komai a cikinta.

Ranar kasuwa na zauna a zaure ina kallon hanya. Mutane suka riƙa ratsowa gindin bedi kamar yadda ƙafarsu ta saba, su tsaya, su ga gindin randa yana kallon sama. Babu wanda ya yi faɗa. Wata Bafulatana da goyo a bayanta ta sauke ƙwaryarta, ta duba hagu da dama, ta ce Allah ya jiƙan mai randar nan, ta ɗauki kayanta ta wuce. A wurinta ranar kika rasu. Ni ma, in faɗa miki gaskiya, ranar na fi jin mutuwarki fiye da ranar da muka kai ki.

Da azahar ta gota sai ga Malam Audu yana dawowa daga kara, inda ya yini yana bin shanun sayarwa ɗaya bayan ɗaya ko zai ga mai kama da nasa. Leɓensa ya bushe, rigarsa ta jiƙe. Ya ratso, ya miƙa hannu inda moɗa take zama, hannun ya tsaya a iska. Ya juyo ya tambaye ni wa ya kihe ta. Na miƙe tsaye, na sanar da shi cikin girmamawa cewa ƙudurin majalisarsu ne aka zartar.

"Mu ɓarayi muka ce a kihe ma, ba mutane ba."

"To Baba, ita randar ta yaya za ta bambance?"

Ya harare ni, har na fara shirin karɓar sanda. Sai ya zauna a kan tushen bedi ya ce tsohuwar nan ko a kabari ba ta bar gardama ba, in ɗauko guga. Shi ya tallafa mini muka tayar da ita. Ya sha ruwan da ko sanyi bai yi ba, ya yi hamdala, ya share fuskarsa da hularsa, ya daɗe yana sharewa. Da Baffa ya zo washegari ya ga wanda ke zaune kusa da randar, sai ya gaishe shi ya wuce gona.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. An gama girbi, motar kaya ta zo, ni ma an haɗa ni da buhunan dawa zuwa Ƙanƙara. Randar na bar ta a inda kika girke ta, Malam Audu ya karɓi riƙonta. Sai dai a yarjejeniyar da muka ƙulla ya kafa sharaɗi guda, cewa shi zai ɗaure moɗa, domin an yi masa sata ta ishe shi. Na yi iya tawa muhawarar, na sha kaye. Da igiyar saniyar nan ya ɗaure ta. Ki yi mini afuwa, uwargida, iyakar abin da mijinki ya iya cetowa ke nan. Ya dai bar igiyar da tsawo, ta yadda wanda ke kan jaki zai sha ba sai ya sauka ba.

Ga ni nan a ɗakin haya, ina shan ruwan leda da ba ya ƙanshin komai. Umma tana cewa na rage surutu. Ba ragewa na yi ba, wadda take ramawa ce babu. Duk jajiberin kasuwa hannuna yakan yi ƙaiƙayin guga, in fita ƙofar gida in tsaya, in ga hanya ce ta wasu mutane.

Ya Allah, ka jiƙan Inna, ka yalwata mata makwancinta, ka sa kowace kurɓa da aka yi a gindin bedin nan ta zame mata haske. Ka mayar wa Malam Audu da mafi alherin abin da ya rasa, ka shiryi waɗanda suka sha ruwanta suka cuce mu, ka dawo mana da zaman lafiya mu koma gida. Ka shayar da ita daga tafkin Alkausara, da moɗar da ba a ɗaure ba.

Ki kuma yi haƙuri ki jira ni, kada in iso in tarar kin yi wani mijin.

Naki har abada,
mai gidanki, babban jami'in ɗebo ruwa mai ritaya,
Lawal