Anti Susanna da 'Yar Farina

Litinin, 4 ga Agusta
Maigidana Gabdo ya kai yarinyar nan wajen wasannin hutu da aka buɗe wa yara a Lokuwa. Safe zuwa azahar: zane, ginin laka, waƙa, wasan kwaikwayo. Ta dawo hijabi duk fenti, baki har kunne. Mai wanki dai ni ce.

Laraba, 6 ga Agusta
Anti Susanna ta ce, Anti Susanna ta yi. Ko a kan tuwo sai na ji sunan malamar nan.

Juma'a, 8 ga Agusta
Hadari ya haɗu, na je ɗauko ta da kaina. Na tarar malamar ta rungume ta, tana kiran sunanta da ƙarfi, wai ta iya zane. Ni da na haife ta ban taɓa kama sunan nan ba, balle yabo. 'Yar fari ce, da kunya. Haka aka yi mini, ban kuwa mutu ba. Amma wallahi na ji kishi har wuya.

Alhamis, 14 ga Agusta
Ta gina saniya da laka, har da tozo. Ta kawo mini, surukata na zaune, sai na ce, "Ajiye can." Ta naɗe abarta a leda, wai Anti za ta kai wa. Ta kai mana. Ina ruwana.

Asabar, 16 ga Agusta
Ranar iyaye. Ashe kowa sai ya tashi ya faɗi wani abu a kan aikin ɗansa, Gabdo kuma yana kasuwa. Susanna ta ce da irin Hausarta, "Maman Juwairiya, zo ka yi magana mana." Na miƙe, ido duk a kaina. Na ce, "Ba laifi." Yarinyar ta sunkuyar da kai. Susanna ce ta tafa mata.

Litinin, 18 ga Agusta
An rufe wajen. Ta wuni zugum. Na ɗebo laka don gyaran murhu, ta ɗan yi yawa, na bar mata. Ta gina ɗan maraƙi. Ina kallon tukunya na ce, "Wannan ya yi kyau." Ta waiga baya ta ga ko da wani nake. Ba kowa. Na ce ta matso da shi kusa, hayaƙi ya hana ni gani sosai.