Na Ce Musu Innata Ta Rasu, Ga Ta Ta Ƙunsa Lalle Za Ta Zo

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni malamar jami'a ce, 'yar wani ƙauye kusa da Bukkuyum. Ƙuruciyata duk ta ƙare a kan tsofaffin littattafan magani na ƙarnukan baya, ina binciken yadda magabata suka zauna da kutare, suka ba su sarauta, suka ci kasuwa ɗaya da su. A kan wannan na zama farfesa, wata mai kamawa zan gabatar da laccar kama kujera. Abin da ba wanda ya sani a wurin aiki shi ne, Innata kuturwa ce. Ta sha magani ta warke tun ina firamare, amma yatsun sun riga sun tafi. Na fi kowa sanin ba ta ɗauke da komai. Duk da haka, ranar da na ga abokin aikina, wanda ya fi kowa tafa min a taro, ya jefa wa kuturu sadaka daga nesa yana goge hannu a riga, sai na ce wa abokan aikina uwata ta daɗe da rasuwa. Har addu'a suka yi mata! Su munafukai ne, na yarda, to ni mece ce?

A irin wannan lacca ana kiran iyaye su miƙe a gaishe su. Ƙanena ya kai wa Inna labari. Na kira ta na ce hanyar Anka ba tsaro, ta yi zamanta. Ta ce, "Wagga hanya ai kullum bin ta mukai. Har lalle na ƙunsa, ɗiyata." Lalle, jama'a, a dungulmin hannun da ya goya ni. Can ta yi ƙasa da murya ta ce, "In hannuwan na, sai in ɓoye su cikin mayahi. Can baya ni ka zama, ba ni hwaɗa ma kowa ni na haihe ki."

Ashe ta sani. Tun yaushe? Wallahi kunya ta hana ni tambaya.

In na kira sunanta ta miƙe, ƙaryata ta tonu a gaban kowa. In na bar ta a baya, zan tsaya ina yabon yadda aka mutunta kutaren da suka zama ƙasa, tawa tana zaune tana ɓoye hannu don kar ta ba ni kunya. Ƙanena ya riga ya kama musu mota, shi da Inna.

Me zan yi?